Gayyar da Na Sallama Kafin a Game

Ban rubuta komai a lokacin ba, kuma damina ta zagayo sau da dama tun daga nan, saboda haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina jin ranar Asabar ce, Inna kuma ta ce Lahadi. Maganganun da zan kawo ma ba zan rantse cewa haka aka jera su ba. Abin da ba na shakka a kansa shi ne kuskuren nawa ne, kuma da bakina na yi shi.

A shekarar na dawo ƙauyenmu da ke ƙasar Bagwai bayan na gama bautar ƙasa, ina jiran ko za a kira ni ƙarin karatu. A jami'a kimiyyar sinadaran jikin halitta na karanta. Na yi ta yi wa mutane bayani cewa ni ba likita ba ne, amma tunda sun ji akwai jiki a ciki, sai suka raɗa mini Dakta, har tsofaffi suna miƙo mini gwiwa in taɓa. Zaman jira ba daɗi. Duk inda na zauna sai in ji kamar akwai wani wurin da ya kamata a ce ina can. Don in rage zullumi sai na koma kan batun da na yi aikin kammala digiri a kansa, wato yadda ƙwayar halitta take kwance injin da ya kwafi zaren gadonta bayan ya gama aiki. Ina karantawa a waya, in ajiye, in sake ɗauka, kamar wanda za a yi wa tambaya gobe.

Da farkon damina aka yi wa Baba aikin ƙaba a wani asibiti a birni, likita ya hana shi taɓa fartanya. Noman farko ni da Baffa, ƙanin Baba, muka yi shi yadda ya samu. Maimai kuwa, wato noma na biyu, ya makara sosai. Dawa ta kai ƙirji, ciyawa kuma tana neman kama ta. Baba ya ƙi a fesa magani saboda akwai wake a ƙarƙashin dawar.

Sai na ɗan kwatanta gonar, don a nan matsalar take. Doguwa ce siririya, amma ba miƙaƙƙiya ba. A tsakiya ta lanƙwasa ta zagaye gonar wani maƙwabci, kuma a wannan lanƙwasar akwai wani yanki mai ɗan gangare da muke kira lungu. Ta ɓangaren yamma shingen bini-da-zugu ya tare shi, sai wata ƙaramar kafa da mutum ɗaya zai bi. Wanda ke yamma ba ya hango cikin lungun, balle ya hango na gabas. Ƙasar lungun laka ce, ciyawa ta fi ƙarfi a can, dawa ma ta fi kyau. Daga nan Baba yake zaɓar irin baɗi kowace shekara, wata kaura ce da ya gada a wurin mahaifinsa. Ba ya yarda da irin kasuwa. In lungu ya lalace, irin ne ya lalace.

Gayya ta yi ƙaranci a wajenmu yanzu, yawanci 'yan ƙwadago ake ɗauka. Amma Baba ya shekara da shekaru yana zuwa ta wasu, don haka da aka ce yana kwance, kuma ya kira gayya, mutane suka amsa. Ana gobe za a yi, bayan la'asar, ya kira ni ɗakinsa.

"Kai ne mai gona gobe," in ji shi. "Baffanka zai ja dattawa ta gabas. Taubashinka ya ja samari ta yamma. A lungu za su game. Kada ka sallami kowa sai an game. Gayya sau ɗaya ake kiranta a damina."

Na ce to. Sai kuma na ce, "Baba, yaya zan san an game?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake shan ruwa. "Da idonka mana."

Ban tambayi yadda ake sallamar ba. Na ɗauka na sani. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana, kuma a iyakar tunawata ban taɓa tsayawa har ƙarshen wata gayya ba.

Da sassafe mutane suka hallara. Dattawa ba su da yawa. Samari sun fi su, kuma da yawansu masu tuƙa babur ne ko adaidaita sahu a wajen Ungogo, sun bar aikin safiyarsu sun zo. Wannan ya tsaya mini a rai tun da na ga baburansu a jere a gindin darbejiya. Taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya girme ni da shekara ɗaya kuma bai taɓa barin in manta ba, ya ga fartanya a kafaɗata ya ce, "A'a, Dakta, allura ce wannan? Ka riƙe ta ta wajen itacen, can gaban yana yanka."

Na bi dattawa. Ban yi kunya biyu ba na sare dawa ɗaya, na tsaya ina ƙoƙarin tayar da ita ina tara mata ƙasa. Baffa ya ce in bar ta, ta riga mu gidan gaskiya, in je in ga ko Inna ta gama dama fura. Na gane korata ya yi cikin mutunci. Daga nan na zama ɗan kai da kawowa. Na kai bokitin fura gabas, na kai biyu yamma, na koma gida ɗauko ludayi da na manta, na dawo na ga ruwan sha ya ƙare. Duk zuwan da zan yi sai in ɗaga kai in dubi gabas, don hadari ya fara taruwa tun hantsi.

Da rana ta ɗan ɗaga na tashi daga wurin dattawa zan je yamma in kwaso bokitai. Hanya biyu ce. Ko in ratsa ta cikin lungu in ɓulla ta kafar shinge, ko in zagaya ta hanyar shanu. Na dubi takalmina, na tuna lakar lungu da raɓar da ke jikin dawa, na zagaya. Na sha gaya wa kaina cewa don kada in tattake wake ne. Ina jin dai takalmin ne.

A hanya nake ta tunanin cewa tun safe ban yi wa samarin nan wata magana ta kirki ba. Sun bar nemansu sun zo, ni kuwa sai wucewa nake da bokiti. Kada su ce ɗan boko ya raina su. Na shirya kalmomina tsaf, har na maimaita su sau biyu a zuci.

Na same su sun kusa shinge, kowa yana kan kunyarsa ta ƙarshe kafin kafar. Na tsaya a bakin gona, na gyara murya, na ce, "Jama'a, sannunku. Allah ya saka da alheri. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci."

Fartanyu suka tsaya. Na ɗauka jin daɗi ne.

Taubashina ya miƙe, ya share gumi da gefen hula, ya ce, "Dakta, har an game ne?"

Ga abin da ya faru a kaina, iyakar yadda zan iya tunawa. Bokiti nake kallo. Kunnena ya ji "an gama ne", na ɗauka furar dattawa yake nufi, ko sun gama sha. Kuma sun gama. Amma ni ban iya cewa e kai tsaye ba, ko a kan fura.

Na ce, "E to, ina kyautata zaton haka."

Ya juya ga sauran ya ce, "Kun ji. Kyautata zaton Dakta ya fi rantsuwar wani. Wannan ko sunansa ka tambaye shi sai ya ce bari ya duba." Aka yi dariya. Wani ya ce ashe tsofaffin nan da sauransu, sun cinye lungu kafin mu. Kowa ya ƙarasa kunyar da ke gabansa, suka kankare fartanyu da kara, suka saɓa.

Na tsaya da bokiti a hannu ina kallonsu. Na ce wa kaina ƙila zagayawa za su yi su shiga lungu ta wancan ɓangaren. Na so in tambaya. Na ji tsoron a sake yin dariya. Ina nan tsaye na ji an tayar da babur na farko, sai na biyu, har ƙarar ta yi nisa.

Wannan karon ta kafar shinge na bi. Lungu yana nan yadda yake, ko fartanya ɗaya ba a sa masa ba, harƙiya ta rufe gindin dawa. A ɗaya bakin na iske dattawa sun iso kunya ta farko.

Baffa ya dubi bayana ya ce, "Ina samarin?"

Na ce ina jin kamar sun tafi.

"Sun tafi ina? Me ka ce musu?"

Na maimaita masa. Da na zo kan "mun gode, Allah ya bar zumunci" sai ya dafa ƙotar fartanya ya ce, "Inna lillahi. Ai ka sallame su."

"Baffa, ban ce su tafi ba."

"To me kake so ka ce? Ka ɗauko sanda ka kora su? Ana cikin aiki sannu ake cewa, ɗana. Sannu kawai. Mai gona ba ya godiya sai ya ga an game. Ya ce mun gode, an tashi ke nan."

Na zaro waya zan kira taubashina. Baffa ya kama wuyan hannuna. Ya ce mutumin da aka yi wa godiya ya goge fartanyarsa ba a ce masa ya dawo. Gobe a majalisa za a ce gidan yayansa sun ci gayya biyu a damina ɗaya, ba kuma wanda zai sake amsa kiranmu da daɗin rai. Wani dattijo da ke gefe, abokin Baba tun ƙuruciya, ya ce, "Ku bar yaro. Yawan ladabi ne. Mu dai mu ci abin da za mu iya."

Suka shiga lungu. Na shiga tare da su, na cire takalmin na jefar a kan iyaka. Amma laka ba yashi ba ce, kuma mutanen nan tun sassafe suke sunkuye. Kafin azahar iska ta taso, aka fara yayyafi mai kauri. Baffa ya miƙe ya dubi sama, ya dube ni ya ce, "To Dakta, yanzu faɗi abin nan da ka iya."

Na faɗa. Suka amsa da amin, suka watse a guje. Na tsaya na ƙirga abin da ya rage, kunya goma sha ɗaya, a daidai inda dawar ta fi kauri.

Da na shiga wurin Baba na fara da hadari, na bi ta kan laka, na kawo batun yadda kalmomi biyu suke kama da juna a kunne. Ya bar ni na yi ta zagaye. Da na tsaya ya ce, "Kunya nawa?" Na faɗa masa. Ya ce, "A lungu?" Na ce e. Ya juya fuskarsa bango ya ce in je in canja riga kada sanyi ya kama ni.

Kwana uku ana ruwa, ya ɗauke ya dawo. Kullum sai na je lungu sau biyu ko uku, in sa fartanya, ta fito da curin laka kamar tuwo, ciyawar da na cire kuma ta sake kamawa a inda na jefa ta. In dawo gida, in zauna, in tashi. Inna ta ce in na ci gaba da wannan safa da marwa zan haƙa mata kwata a tsakar gida.

A rana ta biyu da yamma ina zaune a ƙofar ɗakin Baba da waya a hannu, sai ya ce, "Wai me kake karantawa a abin nan kullum? Ko takardar kiran ce ta zo?"

Na ce a'a, tsohon karatuna ne. Ya ce in gaya masa, tunda ruwa ya hana kowa fita. Ban taɓa yin bayanin da Hausa ba, kuma ina roƙon masana su yi mini afuwa in na sauƙaƙa fiye da kima.

Na ce jikin mutum, da na akuya, da na dawar nan, duk an gina su da ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, shi ke ɗauke da gadon halitta, shi ya sa kaura take haifar kaura. Zaren sili biyu ne a murɗe, kamar igiyar rama. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, dole ta kwafi zaren nan gaba ɗaya, don kowace ta samu nata.

"Wa yake kwafar?"

Na ce wani inji ne da aka harhaɗa da furotin iri-iri. A gabansa akwai wani zobe mai ɓangare shida. Zoben yana zagaye sili ɗaya, ɗaya silin kuma yana bi ta wajensa. Yana tafiya yana warware tufkar, masu kwafa suna biye da shi. Kuma ba daga wuri ɗaya ake farawa ba, don zaren ya yi tsawo. Ana farawa daga wurare da yawa, kowane zobe yana tafiya har ya ci karo da wani da ya taho daga ɗaya ɓangaren.

Baba ya ɗan ɗago. "Su game ke nan."

Na ce haka ne. Na ce abin da na yi karatu a kai shi ne abin da ke biyo baya. Zoben ya kama zaren gam, ba ya sauka da kansa, don in yana saurin suɓucewa aikin ba zai yiwu ba. In an gama kuma ba a son a bar shi a kai, zai kawo cikas lokacin da za a raba zaren. Sai a kwance shi. Akwai wani furotin mai sa alama, yana zuwa ya rataya wa ɗaya daga cikin ɓangarorin shida jerin 'yan alamomi kamar carbi. Wani inji kuma ya kama carbin ya ja, ya zare wannan ɓangaren kamar yadda ake zare zariya daga wando. Da an zare ɗaya, sauran biyar ba su da abin riƙewa, zoben ya wargaje.

"To in aka zare tun ba a game ba fa?"

Na ce, a yadda na fahimta, zobban nan tun kafin a fara aiki ake ɗora su. Da an fara, an rufe ƙofa, ba a ɗora sabo, don kada a kwafi wuri ɗaya sau biyu. Saboda haka in aka kwance zobe da wuri, sai dai a dogara da na ɗaya ɓangaren ya ƙaraso. In bai ƙaraso ba, wurin ya zauna ba a kwafa ba, kuma zaren yana iya tsinkewa a nan.

"Sau ɗaya a damina," in ji Baba. Ban iya gane ko tsokana ce ba. Ya gyara matashi ya ce, "Abin da nake so in ji, shi mai sa alamar, wa yake gaya masa an game?"

Na ce ba kowa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki tun ina makaranta. Silin nan da ke bi ta wajen zobe, a daidai inda mai sa alama zai kama yake wucewa. Muddin akwai sauran tufkar da ba a warware ba, silin yana nan ya tare wurin, mai alama ko ya zo ba shi da inda zai dafa. Sai zobe biyu sun haɗu, sun wuce juna, babu sauran sili a waje, sannan wurin ya buɗe. Na ƙara da cewa wannan shi ne abin da bincike ya nuna zuwa lokacin da na karanta, ƙila an samu ƙarin bayani, kuma akwai wata hanyar ta daban da ake share zobban da suka maƙale har zuwa lokacin rabuwa.

Baba bai kula da ƙarin ba. Ya ce, "Wato aikin da ya rage shi ne yake tsare ma'aikacin."

Na ce kusan haka.

"Ba a tambayar kowa."

"Ba a tambaya."

"Allah mai iko," in ji shi. Sannan ya ce, "Ka ga shi mai alamar nan, ba ta hanyar shanu yake zagayawa ba."

Ban san wa ya gaya masa ba. Ina zargin Baffa. Inna da ke tankaɗe a rumfa ta yi dariya har ta ƙware, ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba.

A rana ta huɗu gari ya washe. Taubashina ya zo duba Baba, ya durƙusa ya ce, "Kawu, wallahi da na san Dakta ta hanya ya biyo da na leƙa da kaina. Na ga ya taho daga gabas, ga godiya har da Allah ya bar zumunci, na ce ai magana ta ƙare." Baba ya ce ba laifinsa ba ne. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Kunya sha ɗaya ka bari a gona, ka taho da ta sha biyu gida. Ina ka ajiye ta?" Na ce tana nan, in yana so in sam masa. Ya ce shi ba ya cin abin masu digiri. Washegari da safe sai ga shi da fartanya. Ya ce ba gayya ya zo ba, gonar kawunsa ya zo, kuma in na kuskura na yi masa godiya sai ya tura ni cikin laka.

Ni da shi da Baffa muka yi lungun. Shi safiya ɗaya ya samu, Baffa kuma yana da tasa gonar, saboda haka yawanci ni kaɗai ne. Na ɗauki kusan mako. Hannuwana suka yi bororo suka fashe. Saiwar harƙiya ta riga ta sarƙe da ta dawa, in na ja ɗaya sai ɗayar ta motsa, don haka wani wurin da hannu na bi. Ganyen ƙasa ya riga ya yi rawaya. Kullum in na tashi sai in tsaya in gwada tsayin dawar lungu da ta gabas, in ce ta fara farfaɗowa, gobe in ce a'a, idona ne. Na tambayi Baffa ko za ta kamo sauran. Ya ce dawa ba ta mantuwa, amma tana yafiya wani lokaci.

Lokacin girbi Baba ya warke har yana takawa zuwa gona da sanda. Ranar da zai zaɓi iri ya ce in biyo shi da buhu. Muka shiga lungu. Kunyoyin da dattawa suka noma ranar gayya sun yi zangarniya manya, sun sunkuyar da kai. Daga inda suka tsaya kuwa kamar an ja layi, kara siriri, kai ƙanana, wasu rabinsu ƙaiƙayi. Baba yana tafiya a hankali, ya kama zangarniya ya murza a tafin hannu, ya hura, ya duba, ya saki. A cikin kunyoyina ya fi daɗewa. Na ƙirga, guda bakwai ya yanka a can. Sauran duk daga na dattawa ya ɗiba.

Da muka fito bakin shinge ya ɗaga buhun ya jijjiga, ya ce ba zai shuke gonar duka ba. Zai isa lungu da ɓangaren gabas. Yamma kuwa sai dai a karɓo a wurin Baffa, nasa ma asalinsa daga nan ne, ko da yake ya ɗan gauraya da farfarar maƙwabcinsa. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ya ce in ɗaure bakin buhun da kyau, in kai wa Inna ta rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Da damina ta zagayo haka aka shuka. Yamma ta fito da jar dawa da fara a cakuɗe, Baba ya hana a ɗebi iri daga can, kuma sai da aka shekara biyu kafin kaurarsa ta sake rufe gonar.

Waɗanda suka halarci gayyar nan da yawansu suna raye, wasu ma suna karatu a waya fiye da ni. Taubashina ya dage cewa ban ce "ina kyautata zato" ba, wai cewa na yi "an game" ƙarara, har da gyaɗa kai. Ban yarda ba, amma ba zan iya kore shi ba. Wani daga cikin samarin kuma ya taɓa ce mini akwai wanda ya leƙa ta kafar shinge ya ga lungu bai nomu ba, ya yi shiru don yana sauri ya koma birni. Ban san gaskiyar wannan ba, kuma ba na neman a faɗi ko wane ne. Duk wanda yake wurin, ko ta gabas ko ta yamma, in ya ga na ƙara ko na rage, ya aiko mini ta hannun Baffa ko ya tare ni a masallacin Juma'a, zan gyara. Haka ma wanda ya fi ni sanin batun zobban nan, in na karkace a bayani, ya daure ya nuna mini wurin.